Motar Malam Giɗaɗo Ta Ƙi Tashi

"Ku tura mana! Kai Sha'aban, hannu ɗaya ka sa, amarya kake taɓawa?"

Karo na shida ke nan da suka turo motar daga ƙofar gidan Malam Giɗaɗo har bakin kwalbati. Jumare ne a kan sitiyari. Ya saki kuloci, motar ta yi tsalle, ta yi tari biyu, ta mutu. Sha'aban mahauci ya zauna a gefen kwata yana haki, sauran maza uku suka dafa gwiwa. Hantsi ya riga ya dubi ludayi, can gabas kuma hadari ya fara haɗa baki.

Jumare ya sauko ya buga ƙofar da ƙarfi, sannan ya tuna motar wa ce, ya shafa wurin kamar mai ba da haƙuri.

Mai motar yana cikin gida a kwance. Kwana huɗu ke nan da asibiti suka ce a mai da shi gida, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, abin da ya rage sai addu'a. Ranar da aka dawo da shi, kafin harshen ya ɗauke gaba ɗaya, ya damƙi wuyan hannun Jumare, maƙwabcinsa na shekara ashirin da shida, katanga ɗaya ta raba su.

"Kada ka bari a rufe ni a Azare," in ji shi. "Ka kai ni Tsamiyar Arɗo da raina. Inna na can, Baffa na can."

Jumare ya ce to, kuma shi ba ya faɗin to sau biyu. Kowa ya san ba a yawo da gawa. Inda rai ya yi halinsa nan ake wanka, nan ake sallah, nan ake rufewa. Sai dai babban ɗan Malam, Zainulabideen, ma'aikaci a Bauchi, ya ce kada a motsa tsohon sai ya zo. Bai iso ba sai safiyar nan, a safiyar nan kuma numfashin Malam ya sauya, ya koma ja da tsayawa.

Tsamiyar Arɗo tana bayan duwatsun Shira. In ka bar kwalta bayan Yana sai yashi, bayan yashi sai rafi, kuma damina ce. Ƙaramar mota ba ta shiga. Masu a-kori-kura na tasha duk sun yi kasuwar Gamawa, wanda aka samu a waya ya ce ko uwarsa ce ba zai sa motarsa a rafin nan ba. Saura wannan farar a-kori-kura ta Malam, mai ƙugiyar ƙarfe a baya.

Unguwar nan babu wanda bai san yadda aka sayo ta ba. Sau uku Malam Giɗaɗo ya je Kano, sau biyu yana dawowa hannu rabbana. Ta farko ya ce fenti ne aka shafa wa tsatsa. Ta biyu mai sauya giya da kanta ce, ya ce shi ba ya hawan abin da zai yi masa shawara. Ta ukun ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashinta rabin wuni, ya murza baƙin mai a yatsa ya shinshina, ya sa aka ɗaura mata tifa marar lafiya ta ja ta zuwa ƙarshen layi, sannan ya ce a kawo takardu. Shekara goma sha tara tana kai iyalinsa ƙauye da Sallah, tana jawo motocin da suka mutu a hanyar Misau, tana kai masu naƙuda asibiti, tana kai makara maƙabarta. A duk shekarun nan bai taɓa bai wa wani makullinta ba. Bakanike bai taɓa buɗe mata baki ba. Shi ke juye mai, shi ke wanke fulogi, shi ke duba ruwan lagireto kowace safiya kafin ya karya kumallo.

Babatunde bakanike ya iso a kan babur da jakar sifana. Bayarabe ne, amma a Azare aka yanke masa cibiya.

"Yau ni ne a kan motar Malam?" Ya ɗaga murfin inji ya yi fito. "Kai! Wannan ai a ci tuwo a kai. Murɗa mu ji."

Jumare ya murɗa makulli. Injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa.

"Batir lafiya. Akwai mai?"

"Tanki cike. Malam bai taɓa kwana da rabin tanki ba."

Babatunde ya cire fulogi ɗaya bayan ɗaya, ya hura, ya mayar. Ya zare tiyon mai ya tsotsa ya tofar. Ya kwanta ƙasa, ya fito, ya sake kwantawa. Jumare yana zagaya motar, ya leƙa nan, ya dubi gabas, ya shiga zaure ya kasa kunne, ya fito.

"Mai ba ya zuwa," in ji Babatunde. "Famfon ba ya samun wuta. Amma wayoyin nan duk ya naɗe su da baƙin salatif, ya sauya musu hanya. Wallahi ko wanda ya ƙera ta sai ya yi wuni."

"Ba mu da wuni."

"To shiga ka tambaye shi."

Jumare ya riga ya tambaya sau biyu. Malam ya kafe shi da ido ɗaya, leɓen yana rawa, yawu na bin gemu, ƙafar dama tana shurin tabarma. Babu abin da ya fita.

Zainulabideen ya fito daga zaure da waya a hannu, farar shaddarsa ko ƙura babu.

"Baba Jumare, a bar wahalar nan. Mota ba ta taɓa ƙin tashi ba sai yau, ai wannan ishara ce. Ƙasar Allah duk ɗaya ce."

"In ɗaya ce me ya sa ka gina gida a Bauchi ba a Bulkachuwa ba?"

"Baba, ba faɗa na zo yi ba. Jama'arsa suna nan, limaminsa yana nan. Can mutum nawa ne za su sallace shi? Goma?"

"Ni ban ƙirga ba. Ya ce in kai shi, na ce to."

Aka kira azahar. Suka yi ta a gaggauce a ƙofar gida, Jumare bai san ma surar da ya karanta ba. Babatunde ya kawo tsohuwar motarsa, aka ɗaura igiya, aka ja farar har bakin titi aka dawo da ita. Motar da ta jawo rabin motocin garin nan, yau ita ake ja mutane na kallo. Ba ta ko yi tari ba.

Suna kwance igiyar sai ga Ya Gana, matar Malam, ta fito da mayafi a karkace. Tun asuba kan mijinta yana kan cinyarta, tana ɗiga masa ruwa da cokali. Duk sanda ta tambaya, ɗanta ya ce mata ana gyara.

"Me ya lalace?" ta ce.

"Koma ciki, Inna, aikin maza ne."

Ba ta ko dube shi ba. Jumare ta duba, daga hula har ƙasa.

"Da takalmi ka hau?"

"To da me zan hau, da ƙaho? Ku Barebari dai, mota ba jaki ba ce."

"Ji Bafillace. Jiya jiya kuka sauko daga kan sa, yau kun san mota." Muryarta a dishe take. Ta zagaya ta buɗe ɗaya ƙofar ta zauna a mazauninta. "Hau. Cire takalmin."

Jumare ya dubi Babatunde, Babatunde ya ɗaga kafaɗa. Jumare ya cire.

"Ɗauke su da hagu. Tura su ƙarƙashin kujera. Ba nan ba, can ciki, har hannunka ya ƙure. In Malam ya tura, sai in ji ƙas, sannan ya yi bisimilla."

Yatsun Jumare suka ci karo da wani ɗan abu a jikin ƙarfe, kamar makunnin fitila. Ya danna. Ƙas. Can baya wani abu ya fara ɗan kuka a hankali. Ya murɗa makulli, motar ta tashi tun bai saki ba.

Babatunde ya jefar da sifana ya riƙe kai. "Maganin ɓarayi! Hajiya, tun safe kina ciki da wannan?"

"Wa ya tambaye ni?"

Jumare ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi a ƙeya. Awa biyar suka kashe, kuma sau biyu yana shiga ɗakin yana wuce ta.

Aka shimfiɗa katifa a bodi, maza huɗu suka ɗauko Malam, bai fi nauyin buhun ƙaiƙayi ba. Ya Gana ta hau ta karɓi kansa. Ɗanta ya ce ta shiga gaba, ta ce shi ya shiga ya nuna hanya, Jumare bai san mashigar rafin ba. Babatunde ya ɗaura tamfol rabi, ya leƙo ta taga.

"A yashi kada ka bar giya biyu. A ruwa kada ka ɗaga ƙafa ko me ka gani."

Zainulabideen ya riƙe ƙofa bai rufe ba. "Baba Jumare, magana ɗaya. In ta Allah ta kasance a hanya, juyowa za mu yi. Da ransa ya ce, ba gawarsa ba. Inna, kin ji? Ki buga gilashi."

"Na ji," in ji ta.

Suka fita gari. Shekara takwas rabon Jumare da tuƙi, tun da ya bar aikin ɗaukar taki. Ƙafarsa ba takalmi tana zamewa a kan totur. In ya taka, ramuka su girgiza marar lafiya. In ya sassauta, ya ga hadarin yana cin sama. Garken shanu ya tare su kafin Yana, ya danna ham har makiyayin ya zage shi da Fillanci, shi ma ya rama. Zainulabideen yana ta amsa waya, yana cewa suna hanya, a'a, ba shi ya so ba.

Jumare ido ɗaya a titi, ɗaya a madubi. Ta gilashin baya yana ganin Ya Gana, hannu ɗaya tana fifita da murfin kwano, ɗaya tana jiƙa leɓen mijin.

Sun bar kwalta, sun shiga yashi da kamar tafiyar minti goma, gero a tsaye dama da hagu, sai ya ga ta ajiye murfin. Ta sunkuya ta kai bakinta kunnen Malam, ta daɗe a haka. Ta ɗago. Ta shafa masa fuska daga goshi zuwa ƙasa. Ta zare ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi ta ɗaure masa haɓa.

Sannan ta dubi madubin. Idonta ya haɗu da na Jumare. Hannunta yana kusa da gilashi, tazarar yatsa huɗu. Ba ta buga ba. Ta ɗauki murfin kwanon ta ci gaba da fifita.

Sitiyari ya nemi ƙwace wa Jumare. Ya riƙe. Ya kai hannu ya karkato madubin ɓangarensa.

"Lafiya?" in ji Zainulabideen.

"Rana ce ke dukan idona. Ina muka nufa, dama ko hagu?"

Babu rana a sama. Zainulabideen ya fara juyawa zai leƙa baya, muryar uwarsa ta shigo ta taga.

"Kai, dubi gabanka ka nuna masa hanya! In ya kafe mu a yashin nan kai za ka ɗauke mu?"

"Hagu," ya ce. "Wajen kukar can."

Ɗigon farko ya bugi gilashi suna gangara wa rafin. Ruwan ja ne, yana tafe da kara da kumfa, alamar an riga an yi ruwa can inda rafin ya taso. Jumare ya sa giya ɗaya, ya yi bisimilla a fili. Ruwa ya kai rabin taya, ya rufe taya, ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa yana jiƙa masa ƙafa. A tsakiya gindin motar ya goce, ta yi kamar za ta bi ruwan. Bai ɗaga ƙafa ba. Ta yi gurnani, ta kama ƙasa, ta haura gangaren tana zubar da ruwa ta ko'ina.

Sai da tayoyin baya suka hau tudu sannan aka buga gilashi, sau uku, a hankali.

Zainulabideen ya dira tun motar ba ta gama tsayawa ba. Jumare ya zauna da hannu a sitiyari yana jin salatin yaron, yana jin kukan da ya biyo baya. Da ya sauko, ya tarar da shi riƙe da tafin ƙafar uban. Ya daɗe yana riƙe da ita. Ya dubi ɗankwalin da ke haɓa, ya dubi uwarsa.

"Inna, tun yaushe?"

"Ni ba ni da agogo."

Ya juyo ga Jumare. Jumare ya dubi rafin. Wani dutse da suka wuce a tsakiya ya riga ya nutse. Zainulabideen ya share fuska da hannun riga, ya hau bodi ya zauna kusa da uwarsa a cikin ruwan sama, ya ja tamfol ya rufe uban.

"Mu je, Baba," ya ce.

Gidaje ba su fi goma sha biyar ba a Tsamiyar Arɗo. Jin ƙarar inji ya sa mutane suka leƙo daga bukkoki. A ƙofar gida na farko wani tsoho ya fito da sanda yana laluben hanya, Bappayo ne, yayan Malam, idonsa ya tafi tun bara waccan. Ya san kukan motar. Ya dafa murfin inji, ya bi jikinta da tafin hannu, ya wuce ƙofa, ya wuce Jumare da ke tsaye ba takalmi, har ya kai bodi. Ya zura hannu ƙarƙashin tamfol ya taɓa.

"Giɗaɗo ne?"

"Shi ne, Yaya," in ji Ya Gana.

Tsohon ya jingina sandarsa da taya. Ya tuɓe malfarsa ya kifa ta a gefen tamfol inda ruwa ke ɗiga, ya tsaya yana riƙe da ita da hannu biyu, ruwan yana bin furfurarsa.