Littafin Kulyash-apa

Lauya Baurzhan ya ture takardar mutuwar gefe, ya dubi Zauresh ta saman tabarau.

"Ciwon zuciya aka rubuta nan, kuma shekara talatin da biyar ke nan. Yaya, wa'adin shigar da ƙara shekara uku ne."

Zauresh ta san ba zuciya ce ta kashe mahaifinta ba. Makiyayin dawaki ne a ƙauyen Sarzhal, gab da filin gwajin bam ɗin nukiliya. Ƙasa ta girgiza yau, gobe ya kora dawakinsa cikin ciyawar nan. Sai da ya rame har tana iya ɗaga shi ita kaɗai. Ba diyya ce ta kawo ta birnin Semey ba. So take kotu ta faɗi abin da ya kashe shi.

Ta waiwayi tsohuwar da ke bayanta. "Apa, nuna masa."

Tsohuwar, Kulyash-apa, wato Inna Kulyash, ita ce nas ɗin ƙauyen a wancan zamani, lokacin da aka hana rubuta ciwon daji a takardar mamaci. Tun ranar jana'iza Zauresh ba ta ƙara gaishe ta ba, sai watan jiya. Tsohuwar ta kwance ƙullin ɗankwali, ta fito da littafin 'yan makaranta, sakamakon gwajin jini na liƙe a kowane shafi.

"Ni na rubuta 'zuciya', ɗana. Gaskiyar kuma na rubuta ta nan, na tura ƙasan akwati. Da farko tsoron hukuma, daga baya kunyar mutane. Sai watan jiya, ranar sadakar cikar shekara da rasuwar mijina, na ba Zauresh shi. Na makara, na sani."

Baurzhan ya daina wasa da biro. "Watan jiya? Da shaidu?"

"Doki aka yanka, wa zai ƙi zuwa? Ƙauyen duka na nan."

"Amma ai kowa ya san abin da ya kashe shi tun tuni," in ji Zauresh, don ba ta iya ƙarya ba ko da za ta amfane ta.

"Sanin kowa ba ya hawa matakalar kotu. Wa'adin yana fara gudu ne ranar da hujja ta shiga hannunki. Apa, da kin ba ta tun can, lokacin da babu mai sauraron irin wannan ƙara, da tuni ya ƙare. Yanzu muna da kusan shekara uku."

Tsohuwar ta dubi littafin. "Mutum arba'in da ɗaya ne a ciki," ta ce a hankali.

A waje Zauresh ta rasa kalmar godiya da za ta isa, ga kunyar shekarun gabar da ta yi. Ta ce, "Apa, da wane hannu kika rubuta?"

"Wannan. Da shi na rubuta duka biyun, ƙaryar da gaskiyar."

Zauresh ta kama shi da hannu biyu, ba ta sake shi ba har tashar mota.