Sunan da Hureira Ba Ta Taɓa Kira Ba

Wanzami Idi ne ya fara gani, ranar da aka kai yaron kaciya a unguwar Kokoro ta Bangui. Ya lalluba, ya sake lallubawa, sai ya mayar da askarsa zabira. Ya ce da Hureira, “Baiwar Allah, ƙwai ɗaya nake ji. Ɗayan bai sauko ba. Wannan aikin asibiti ne, ba nawa ba.”

Shekara shida, jama'a! Shekara shida uwa ba ta san abin da ke jikin ɗanta ba. Kada a yi saurin zaginta. Ɗan fari ne, Hureira kuwa gidan masu alkunya ta fito: ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta yi masa wanka, sunansa Abdulrahim ma bai taɓa fita daga bakinta ba, sai dai “yaron nan”. Tun yaye surukarta Inna Zuwaira ta karɓe shi. Inna ta rasu bara, idonta ma dama ya daɗe da yin rauni. Mijin kuma yana Kamaru wajen dakon kaya, wata bakwai ko waya sai jefi-jefi.

Da aka ji wasu likitocin yara sun zo Bangui na kwana goma, ita kaɗai ta tare mai mashin a Titin Koudoukou, ta sa yaron tsakiya.

A asibiti, wata likita daga cikinsu ta yi mata bayani da yaren Sango. Ƙwan ya maƙale can cikin ciki, jijiyarsa ta jini gajera ce, ba za ta kai ƙasa ba. Sai an yanke ta an haɗa da wata, a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa abu girma, da zaren da bai kai gashi kauri ba. “Da yana shekara ɗaya ya kamata a kawo shi, mama. Wa ke masa wanka?”

Hureira ta sunkuyar da kai. Wallahi ta ji ciwon tambayar nan har cikin ranta.

Da aka shiga da shi tiyata, awa huɗu tana kan benci. Kowace mace da mai taya ta zama, ita kuwa daga ita sai kwanon kunun da aka hana yaron sha. Abu ɗaya ke cin ta: ya tashi, ya kuma san cewa yana da uwa.

Bayan azahar wata nas ta yafito ta. An dace, ƙwan ya zauna inda ake so. Saura ya farfaɗo.

“Kira shi da sunansa,” in ji nas. “Muryar uwa suka fi ji.”

Hureira ta matsa. “Kai… yaron nan.”

“Haba mama, sunansa na ce!”

Ta waiga. Babu suruka, babu dangi, babu wanda za a ji wa kunya a ɗakin. Ta kama ƙarfen gadon.

“Abdulrahim.”

Bai motsa ba. Ta sake, da ƙarfi, har muryarta ta karye.

Yaron ya buɗe ido da ƙyar. Ya dube ta, ya wuce ta da kallo zuwa bakin ƙofa, ya daɗe yana nema.

“Wa ya kira ni?”

“Ni ce.”

“A'a,” ya ce, yana lumshe ido. “Ke ai ba ki san sunana ba.”