Darasi a Ƙarƙashin Tagar Farfesa

"Ƙara matso da ni, Tela," in ji Farfesa. "Bishiyar nan ta tare mini rabin fili."

Na tura kujerarsa gaban taga har gwiwarsa ta taɓa bango. Maƙwabcina ne, shekara talatin yana horar da malaman motsa jiki a jami'a. A da, kullum da safe sai ya wuce ta ƙofar shagona a guje yana yi wa tumbina tsiya. Yau ga shi na ɗauko shi daga gado kamar ƙunshin yadi. Abin ya sosa mini rai ƙwarai.

Ɗalibarsa ta ƙarshe tana filin bayan gidajenmu, da yara ashirin da ta aro daga makarantar unguwa. Bara ta faɗi gwajin koyarwa, in ta sake faɗuwa karatun ya ƙare ke nan. Abokan aikinsa sun ce ya sa mata hannu kawai tunda ba shi da lafiya, ya ce shi bai taɓa sa hannu a kan abin da idonsa bai gani ba.

Ta jera yaran, ta fara bayani. Sai na ji ya ja tsaki.

"Me ta yi?" na tambaya.

"Duba mana. Ita ta ba rana baya, yara kuwa rana na dukan idonsu. Ta yaya za su ga abin da take nuna musu? Abin da ya kayar da ita bara ke nan."

"Haba, Baban yara," in ji matarsa daga bakin gado, "a kan rana za ka kashe wa yarinya karatu?"

Na leƙa zan ƙwala wa ɗalibar kira, ya damƙe mini hannu. Ashe da sauran ƙarfi a jikin.

"In ka gaya mata, kai ka ci, ba ita ba."

A raina na ce tsohon nan da taurin kansa zai tafi. Can wata 'yar ƙaramar yarinya ta ɗaga hannu ta kare fuskarta. Ɗalibar ta katse magana, ta dubi yarinyar, ta waiga sama. Sai ta zagaya ta bayansu, ta ce kowa ya juyo. Ta ci gaba da darasinta tana ƙanƙance ido.

"Miƙo biro da takardar gwajin," ya ce.

Bayan kwana biyu, da hantsi, Allah Ya yi masa rasuwa.

Da ɗalibar ta zo gaisuwa, matarsa ta ba ni takardar in miƙa mata. Sa hannun ya karkace har ya sauka daga layi. A ƙasa ya rubuta: "Ta ci. Amma ta rage busa usur, yara ba motoci ba ne."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta zauna a dakalin shagona, ta shimfiɗa takardar a cinya, tana miƙe inda ta lanƙwashe da tafin hannu.