Bayan Adiranalin Ya Sauka

Uwar Biyu ba ta san lokacin da ta tsallake teburin yankan yadi ba. Ihun abokiyar aikinta Doguwa kawai ta ji, sai ga ta a gaban akwatin wuta ta finciko babban makunni, kekunan ɗinki arba'in na masana'antar suka mutu lokaci guda. Injin guga ne ya ja hannun rigar Doguwa, ya haɗa da yatsunta uku.

Manaja ya sauko daga ofishinsa yana huci. "Wa ya kashe min wuta?"

Shekara goma sha ɗaya Uwar Biyu tana aiki a wurin, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Yau kuwa har da nuna shi da yatsa.

"Ni na kashe! Kai ka sa aka cire murfin injin nan don aiki ya yi sauri. Sau uku muna yi maka magana!"

Ba ta jira amsarsa ba. Ta naɗe hannun Doguwa da mayafinta, ta rungumo ta zuwa mota.

Sai bayan azahar, an shiga da Doguwa ɗakin tiyata, sannan Uwar Biyu ta samu ta zauna a kan bencin asibiti. Nan Manaja ya same ta, da gorar ruwan sanyi da takarda a hannu, murya ta yi laushi.

"Baiwar Allah, abin da kika faɗa ɗazu na yafe. Na san ba ke ba ce, adiranalin ne."

"Adira wa? 'Yar wane gida ce?"

Ya yi 'yar dariya. "Adiranalin. Wani abu ne jiki ke saki in mutum ya firgita, sai ya yi ta sambatu. Ki sa hannu a nan cewa sakacin Doguwa ne, ke kuma ruɗewa kika yi. Shi ke nan, gobe ki koma kan kekenki. Ki tuna da 'yan biyunki."

Ta tuna da su kuwa. Ta tuna da babansu da ciwon baya ya kwantar tun bara, ko takalmi ba ya iya sunkuyawa ya saka. Ta karɓi takardar, ta ce bari ta wanke fuska.

A ƙarshen baranda ta ci karo da wata nas, dattijuwa, tana jera kwalabe a kan tire.

"Yaya, don Allah in tambaye ki. Mene ne adiranalin?"

"Sinadari ne da ke fitowa daga saman ƙoda in mutum ya ga haɗari. Zuciya ta hau dukan uku-uku, ƙarfi ya zo, a manta da ciwo. Mu ma muna da shi a kwalba, na wanda zuciyarsa ta tsaya. Yanzu dai kowa ya ɗauke shi a baki. Ƙanen mijina, da furfurarsa, in ya tsula gudu da babur sai ya ce wai adiranalin."

"Yana sa mutum ƙarya?"

Nas ta ajiye tiren ta dube ta. "Ƙarya kuma? A'a. Gudu yake sawa, ko faɗa."

"Yana daɗewa a jiki?"

"In abin tsoron ya wuce, da wuya ya kai awa guda."

Uwar Biyu ta miƙa hannu. "To duba min ko ya tafi."

Nas ta kama wuyan hannunta tana kallon agogo. "Saba'in da huɗu. Zuciyarki lafiya lau. Amma wannan jinin a ƙaurinki fa?"

Sai a lokacin ta ga inda teburin ya yanke ta. Tana gani kuwa zogi ya taso mata har ƙugu. Aka wanke, aka ɗaure.

Ta dawo ta zauna kusa da Manaja, ta gyara ɗankwalinta. Tsoron da bai zo mata da safe ba sai yanzu ya zo. Ta buɗe gorar ruwan da ya kawo ta sha rabi.

"Ranka ya daɗe, na je an auna ni. Abin nan ya sauka, babu ko ɗigo."

"Madalla. Ga biro."

"To yanzu ka saurara." Ta yi maganar a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta wa yaro darasi. "Kai ka sa aka cire murfin injin. Sau uku muna yi maka magana. Doguwa ba ta yi sakaci ba."

Ta ɗora masa takardar a cinya.

"Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Wannan karon na sani."

Ƙofar ɗakin tiyata ta buɗe, likita ya leƙo da fayil a hannu. "Mun ceto yatsu biyu. Wa ya ga yadda abin ya faru? Dole mu rubuta rahoto."

Manaja ya yunƙura zai miƙe. Uwar Biyu ta riga shi, duk da ɗingishin da take yi.