Kuri'ar Zakariya'u

Illo mahauci ne, mutumin Damagaram, shekararsa tara a Tamanrasset yana gasa nama. Baƙo ne, ba shi da kuri'a. Ranar zaɓe, shekara biyu bayan ƙasar ta samu 'yanci, aka ɗauke shi ya gasa raguna uku a ƙofar lekkol, makarantar da aka mai da rumfar zaɓe, ko ƙamshi ya jawo mutane.

Har azahar mutum goma sha ɗaya suka shiga. Wata tsohuwa, Hajjo, ta tsaya ta karɓi tsoka, ta juya za ta tafi.

"Inna, ba ki shiga ba," in ji Illo.

"In zaɓi me? Takarda ɗaya ce a ciki. Bara ma na dangwala, suka ce rijiya. Ka ga rijiya? Mazanmu sun bi raƙuma kudu neman ciyawa."

Da la'asar ƙuda ya rufe naman, kitsen ya daskare. Shugaban rumfar zaɓen, wani mai kwat da aka turo daga arewa, ya leƙo ya yafito Illo. A ciki ya tarar da ma'aikata biyu suna ta cusa takardu a akwati, ɗayansu yana sakace haƙori.

"Yatsunmu sun yi yawa a littafin," in ji mai kwat. "Kawo naka."

"Ni baƙo ne, ranka ya daɗe."

"Yatsa yatsa ne. Ko kana son jandarma ya duba takardunka?"

Illo ya miƙa hannu. Mutumin yana kiran suna, yana danna masa yatsa a tawada, yana dangwalawa. A na bakwai ya ce, "Zakariya'u ɗan Uwaisu."

Zakariya'u maƙwabcin Illo ne a unguwar Tahaggart. Ya yi leburanci a In Ekker, inda sojan Turawa ke gwajin bam, ya dawo da tarin da bai sake shi ba. Illo da kansa ya yi masa wankan gawa watan jiya.

"Wannan ya rasu," in ji Illo.

"To ba zai yi gardama ba," in ji mai kwat. Ma'aikatan suka fashe da dariya, aka danna yatsan.

Illo ya fito waje. Ya kwashe wuƙaƙensa ya tafi gida, ya yi ta goge yatsan da yashi har fata ta saɓule, tawadar tana nan.

Washegari matar Zakariya'u, Sa'adiya, ta fita ɗebo ruwa ta gaishe shi ta kan zana. Ya amsa hannunsa na cikin aljihu, bai ɗago kai ba.