Ƙwayar da Kaka Ta Murƙushe

Su uku ne a gidan: Mama mai ɗinki, da Kaka, da Auta. Ba su rasa ci da sha ba, natsuwar Auta suka rasa. A aji ko layi biyu ba ya iya kwafa daga allo, hankalinsa ya tafi wani wuri. Likita ya fara ba shi ƙaramar ƙwaya, safe da rana. Daga baya ya canza masa wata babba, ta safe kaɗai.

Ranar da za a fara sabuwar, Mama ta yi sammakon shago. Auta ya yi ta fama, ƙwaya ta ƙi wucewa.

"Haba maigida, ƙato da kai?" in ji Kaka. "Kawo nan." Ta murƙushe ta da bayan cokali, ta dama da ruwa, kamar yadda ta saba yi wa tsohuwar ƙwayar, ta ba shi ya sha.

Da hantsi malamar ajinsu ta kira Mama. Da Mama ta isa makarantar, ta tarar da shi a benci, gumi ya jiƙa rigarsa.

"Mama, ƙirjina sai bugawa yake. Mutuwa zan yi?"

"Rufe min baki," ta ce, ta kama hannunsa suka fita.

A asibiti likita na sauraron ƙirjinsa, sai ga Kaka tana haki. Ya tambaya ko yaron ya haɗiye ƙwayar yadda take.

"Murƙushewa na yi, ɗana. Ai haka nake wa ta da."

Ya jawo mata kujera. "Ta da, Kaka, tana isa ciki take narkewa ta shiga jini, kafin rana aikinta ya ƙare. Wannan kuwa rufi aka yi mata. Tana bin hanji tana sakin magani kaɗan-kaɗan har yamma. Da kika murƙushe ta, maganin yini guda ya shiga jininsa lokaci ɗaya."

"Wayyo ni! Zai tashi?"

"Za mu riƙe shi, mu sa ido."

Suka zauna a gefen gadonsa. Duk zuwan nas sai Mama ta miƙe tana duban fuskarta. Sai da yamma nas ta saki hannun Auta ta ce bugun ya sauka.

Auta ya dubi Kaka. "Saura kaɗan ki rasa miji."

"Ja'iri," ta ce, tana goge ido.

Ran nan Auta ya gane cewa babbar ƙwaya ba a fasa ta. Cikinsa ne zai buɗe ta a hankali.