Naman da Aka Hana Mahauci

Aska ta ɗan ƙwarzane tsohon a ƙasan kunne, abin da bai kai a ce sannu ba, amma Mai Aski ya tsaya cak da hannu a sama. Jinin da ya tsattsafo ba ja ba ne sosai. Wani fari-fari ne kamar an surka shi da ruwa, kuma ya ƙi tsayawa ko da ya danna masa auduga.

"Ka yanka ni ko?" in ji tsohon, idonsa a rufe. "Yau an rama wa awaki."

"Ƙwarzane ne kawai, Baba."

Mai Aski ya yi dariya don tsohon ya ji. Ya san wannan kan fiye da nasa. Da can wuyan nan sai da ƙyar tawul ke zagaye shi. Yanzu gefen goshi ya lotsa, fatar kumatu kuwa sai ya ja ta da yatsa kafin aska ta sami wurin bi.

Baba Mahauci kowa ke ce masa a layin, ko da yake ya daɗe da ajiye wuƙa. Tagar ɗakinsa tana kallon ƙofar shagon aski, ɗan lungu ne kawai a tsakani. Tun ranar da hawan jini ya kayar da matarsa a ɗakin girki ba ta tashi ba, Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta tattaro kayanta ta dawo gidan. Ta kai shi aka auna jini, aka ce sukari ya ɗan hau, kitse ma haka, a rage maiƙo. Auta kuwa ba ta san rabi-rabi ba. Ta soke nama, ta soke ƙwai da madara, gishiri ma ta kulle shi a kabad. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin ƙamshin nama ya koma cin dafaffen kabeji, salam, ko akuya sai ta yi tunani.

Da wasa abin ya fara. Wata rana bayan Auta ta tafi makarantar da take koyarwa, tsohon ya miƙo kwano ta taga ya ce, "Taimaka ka binne min wannan." Mai Aski ya yi dariya har da riƙe ciki, ya juye a bola, ya mayar da kwano. Washegari ma haka. Abu ya zama jiki. Auta ta dawo ta tarar da kwano fes, ta yi murna. Kowace safiya ta soki yatsan tsohon da 'yar na'urarta, ta leƙo ta taga tana ce wa Mai Aski, "Yaya, sukarin Baba ya fi nawa kyau yanzu."

Ba wai Mai Aski bai gwada ba. Ya taɓa ƙunso masa soyayyen nama a takarda, tsohon ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya tura masa abinsa.

"Na yi mata alkawari a gaban gawar uwarta ba zan ci abin da ta hana ba," ya ce. "Amma ban yi alkawarin zan ci abin da ta ba ni ba."

Yau da aka gama aski a ɗakinsa, tsohon ya dafa hannun kujera zai tashi, ya koma. Ya sake yunƙurawa, ya sake komawa. Mai Aski ya miƙa masa hannu. Hannun nan da samarin layi ke gudun gaisawa da shi don kada ya murƙushe musu yatsu, yau ya kwanta a tafinsa ba nauyi, ga sanyi. Agogonsa ya zame har kusa da gwiwar hannu.

"Ga kwanon can, ka fita da shi," in ji tsohon yana haki.

"Yau ba zan ɗauka ba, Baba. Zan faɗa wa Auta."

Tsohon ya buɗe ido ya dube shi. Farin idon ma ya koɗe.

"Yarinyar nan gani take ita ke riƙe da raina. Abin da ya rage mata ke nan. Ka faɗa mata ka ga ko za ta sake barci."

Mai Aski ya koma shago, amma ranar kan mutum biyu ya ɓata. Tsoro biyu ne suka sa shi a tsakiya, kuma duk wanda ya duba sai ya ga ɗayan ya fi muni. Da la'asar ya hango Auta tafe da ledar kayan lambu, ya tare ta a bakin lungu, ya faɗa mata komai yana kallon takalmansa.

Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi. Ta dai tsaya tana kallon tagar.

"Tun yaushe, Yaya?"

"An daɗe."

"Kai ma kana ganinsa yana ƙarewa?"

"Ina gani."

"Ni na ɗauka tsufa ne," ta ce a hankali.

Da safe Mai Aski ne ya ɗauki tsohon zuwa mota, ya ji kamar ya ɗauki ƙunshin wanki. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta sha wuya kafin ta sami jijiya, duk inda ta taɓa sai wurin ya yi baƙi. Suka zauna a benci har rana ta take. Likitar da ta kira su ba ta yi faɗa ba. Ta ce sukari lafiya lau, amma jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, sinadarin gina jiki da ke cikinsa ya kusa ƙarewa, jikin ya koma cin naman kansa.

"A shekarunsa, rama ta fi sukarin nan haɗari," ta ce. "Ku ba shi duk abin da ransa ke so."

"Har nama?" in ji Auta.

"Har nama."

Aka yi masa ƙarin jini, aka riƙe shi 'yan kwanaki. Ranar sallama likitar ta raka su har ƙofa, ta dafa kafaɗar Auta. Mai Aski ya lura ba ta ce musu ga ranar da za su dawo ba.

Washegari tun hantsi ƙamshi ya cika lungu. Masu jiran aski suka yi ta zolaya, wai yau gidan mahauci ya tuna sana'arsa. Mai Aski ya ci gaba da aikinsa. Can Auta ta leƙo ta taga, idonta jajir.

"Yaya, Baba na kira."

Ya same shi a jingine da matasai. A kan tebur ga faranti shaƙe da nama, ga kwanon romo. A tafin Auta akwai 'yar tsoka da aka tauna aka kasa haɗiyewa.

"Haƙarƙarin rago ne, ƙarami," in ji tsohon, muryar can ƙasa. "Mahautan ba su cuce ta ba. Amma maƙogwaron ya manta hanya. Zauna."

Ya zauna a bakin gado.

"Ci in gani."

"Haba, Baba."

"Ka daɗe kana zubar min da abinci. Yau ci za ka yi min."

Mai Aski ya dubi Auta. Ta gyaɗa masa kai, ta juya ta ɗebo romo a cokali. Ya ɗauki tsoka ya kai baki. Bai taɓa cin abin da ya yi masa ɗaci haka ba, ga shi kuwa naman ya dahu luguf. Tsohon ya kafe shi da ido, muƙamuƙinsa na motsi a hankali, yana tauna tare da shi da baki wayam.

"Gishiri ya ji?"

"Ya ji, Baba."

"Auta ta iya. Hannun uwarta gare ta. Ɗauki na jikin ƙashin nan, ya fi daɗi."

Ya ɗauka, ya gatsa, yana taunawa hawaye na bin gemunsa. Da ya ɗago, idon tsohon yana nan a kansa, amma muƙamuƙin ya daina motsi. Mai Aski ya zauna da nama a baki, ya kasa taunawa, ya kasa haɗiyewa.

Auta ba ta juyo ba tukuna. Tana ta hura romon da ke cikin cokali don ya huce.